Wa Ya Haƙa Rijiyar Maryamu?

Tun ranar da na dawo daga Guangzhou ban huta da tambaya ba. Mutum zai shigo shagona a Ƙofar Ruwa sayen bututu, sai ya jingina da kanta ya rage murya ya ce, "Malam Habu, wai da gaske an gan ka a coci a China riƙe da kyandir?" Laifin tafintana Alhaji Isuhu ne, da ya ɗauki hoton ya tura wa mutum ɗaya, mutum ɗayan nan kuwa ya tura wa rabin Kano. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga farko. E, na riƙe kyandir, kuma ga yadda aka yi.

Sana'ata haƙa bohol da sayar da kayansa. Abin da yawancin abokaina ba su sani ba, don ba na faɗa, shi ne mahaifina maginin rijiya ne a wani ƙauye bayan Bichi. Da dagi da igiya ya ciyar da mu. Shekara bakwai ina shiga rami tare da shi, kuma ban taɓa son aikin ba ko na rana ɗaya. Kullum jikinka ja da ƙasa, in ka je zance 'yan mata su yi ta ƙus-ƙus. Da na samu aiki a wajen masu injin haƙa na shigo birni, sai na rufe wannan babin. In aka tambaye ni sana'ar babana, cewa nake manomi ne.

Na tafi ne don baje kolin da ake yi a unguwar Pazhou ta Guangzhou, ina neman famfon nan da ake zura wa cikin bohol, wanda muke kira samo. Mun tashi daga Kano, muka sauka Addis muka canja jirgi, sannan aka yi wata doguwar tafiya wadda na yi barci na farka har sau uku ba a iso ba. A filin jirgin Guangzhou na fara shan kunya. Akwai na'urar da ake ɗora yatsu, kowa ya ɗora ta yi kore ya wuce, ni na ɗora ta yi ja. Ashe ƙarfe da man inji sun cinye zanen yatsuna. Jami'ar ta buɗe jakarta ta ba ni man shafawarta mai ƙamshin furanni, na murza, na ɗora, ja. Sai da na hura wa babban yatsa iska kamar mai tofi sannan na'urar ta haƙura ta karɓa. Ina fita kuma wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Kilishin da uwargida ta ƙulle mini ya shinshino. Jami'an kwastan suka kwashe shi tas. Yajin ne kaɗai ya tsira, don wanda ya buɗe robar ya yi atishawa sau huɗu ya miƙo mini abina da sauri.

Alhaji Isuhu ne ya tarbe ni. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni kaɗan, shekararsa goma sha biyar a garin yana yi wa 'yan kasuwa tafinta da lodin kaya. Ya sauke ni a wani ƙaramin otal kan titin Huanshi, a unguwar Xiaobei da mutanenmu ke kira Shawbe. In ka rufe ido a titin nan da yamma sai ka rantse kana Kantin Kwari, Hausar Kano ta nan, ta Damagaram ta can, ga 'yan Kumasi na ja da tasu. Akwai wata mata 'yar Gana a hawa na tara na wani gini da ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, sai wanda ya sani ke zuwa. Akwai kuma Musulmin Sin masu farar hula da ke murza taliya da hannu a gabanka. Abu ɗaya ya dame ni: ruwan sanyi. Duk inda ka nema sai a ce maka "meyo", wato babu, a miƙo maka ruwan zafi a kofi kamar mai jego.

Pazhou kuwa ba kasuwa ba ce, gari ne aka yi wa rufi. Kwana biyu ina yawo har takalmina ya fara cizona. A rana ta uku na tsaya a rumfar wani mai masana'antar famfo, gajere mai sanƙo, sunansa Lam, amma kowa "laban" yake ce masa, wato maigida. Ban kalli takardun da yaransa ke miƙo mini ba. Na ɗauki famfon na juya shi da hannu, na kara a kunne ina saurare. Sai ya ture yaran ya zo da kansa. Ta bakin Alhaji Isuhu ya ce shi ma haka yake gwadawa, kuma mai saye da kunne ba ya zuwa kullum. Muka sha shayi. A nan na ga in aka zuba maka, ba godiya za ka yi da baki ba, yatsu biyu za ka ɗan buga a tebur.

Ana cikin hira ya ce jibi zai je ƙauyensu ya kai famfo kyauta, za a saka a wata tsohuwar rijiya ta cocinsu kafin masu ziyara su fara zuwa. In ina so in ga yadda kayansa ke aiki a ƙasa, ba a kan tebur ba, in zo mu je. Sai a lokacin na lura da ɗan gicciyen da ke wuyansa. Ni ban taɓa sanin akwai Kirista a ƙauyukan Sin ba, balle 'yan Katolika masu wurin ziyara. Kuma ni mutum ne da in na ji abin da ban sani ba, sai ya hana ni sukuni.

"Bon, Malam Habu," in ji Alhaji Isuhu da muka fito, "mi za mu yi coci? Kaya ka zo saye. Ni shekara sha biyar garin ga, ban taɓa tahiya ƙauye ba, kuma ban rasa komi ba."

"Alhaji, rijiya za mu gani, ba limaminsu ba."

"Haka kuke, ku Kanawa. Ko rame anka ce kyauta ne sai kun leƙa."

Ya yi ta mita, amma ranar tafiya ya riga ni zuwa tasha, da darduma biyu da ledar dabino.

Jirgin ƙasan yana gudu kamar an koro shi, amma shayin da ke gabana bai ko girgiza ba. Wani dattijo a kujerar gefe ya yi ta satar kallona, daga ƙarshe ya nemi mu yi hoto, ya ba ni ɓawon lemo busasshe ya ce in tsotsa. Bayan awa biyu muka sauka a wani gari, direban Lam ya ɗauke mu, muka kama hanyar duwatsu tsakanin gonakin lemo. Ƙauyen kamar namu ne ta fuska ɗaya: matasa duk sun tafi birni, tsofaffi da jikoki aka bari. Kowace ƙofa da jar takarda manne a gefenta. Lam ya nuna mini cewa in ka duba da kyau za ka gane gidan ɗan Katolika, don a saman takardarsa akwai ƙaramin gicciye. Gidajen nan duk a ƙarshen gari suke, wajen tudu.

A kan tudun ne cocin yake, ƙarami, fari, bai kai masallacin unguwarmu ba. A gefensa an gina wani kogo na duwatsu, ciki da siffar Maryamu, da fuskar 'yan Sin da ɗaurin gashinsu. Mu ma muna girmama Nana Maryam, amma ba ma sassaƙa ta, don haka na kawar da kai cikin ladabi. Wasu tsofaffin mata na durƙushe suna jan carbi, suna rera addu'a da wata murya mai hawa da sauka. Alhaji Isuhu ya tsaya yana ƙirga 'ya'yan carbin wata daga nesa, ya raɗa mini cewa nasu goma-goma ne. Lam ya ce a watan Mayu mutane ke zuwa daga ƙauyuka da birane, wasu a ƙafa, wasu a bas, kowa da robarsa, su yi addu'a su ɗebi ruwan rijiyar su kai wa marasa lafiyarsu.

Rijiyar na gaban kogon. An kwashe ruwanta a makon don a yashe ta, washegari da la'asar magina za su zo su zuba mata murfin kankare, su bar ƙofar bututu kawai. A jikin bangon cocin kuma an jingine wani allon dutse baƙi, an sassaƙa rubutu an shafe shi da ruwan zinare.

Muna kallon allon sai ga wata tsohuwa da tsintsiya, 'yar ƙarama, tsayinta bai wuce ƙirjina ba, da faffaɗar hular kaba mai baƙin ƙyalle zagaye da bakinta. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta zo ta maka wa allon tsintsiya sau biyu, ta juya kan Lam ta buɗe masa wuta. Mutumin da na gani a Pazhou yana ba ma'aikata umarni da ido, sai ga shi ya sunkuyar da kai yana sosa sanƙo. Yayar mahaifinsa ce. Kowa Apo yake ce mata, wato kaka, kuma ita ke share wurin tun tana budurwa.

Fahimtar abin da ke faruwa sai da ta bi ta baki uku. Apo na magana da yaren ƙauyen, Lam ya mayar da shi Sinancin birni, Alhaji Isuhu ya mayar mini Hausa, yana ƙara nasa gishirin. Ga abin da na tattaro.

Kakanni biyar baya, gidaje kaɗan a garin suka karɓi addinin Katolika. Da suka daina ba da nasu kason na hidimar bautar kakanni, sai dattawan dangi suka hana su ɗiban ruwa a rijiyar gari. Dole suka koma shan ruwan fadama, ciwon ciki ya shiga kashe musu yara. A lokacin akwai wani Fada, Bature dogo mai gemu, da yake zuwa a ƙafa sau biyu a shekara. Har nan kowa ya yarda. Daga nan ne labari ya rabu biyu.

Abin da ke cikin ɗan littafin cocin, wanda shi aka kwafa a allon, shi ne Fadan ya hau tudun ya roƙi Maryamu, ya haƙa rijiyar da hannunsa har ruwa ya fito, yara suka daina mutuwa, daga nan aka fara ziyara. Apo kuwa ta ce ƙarya ne. Mazan gidajen duk sun tafi ci-rani bakin teku a shekarar. Mata bakwai ne suka haƙa, da fartanyar lambu, ɗaya a ciki shida na jan ƙasa, suna karɓa-karɓa. Kakarta ce ta gaya mata, ita kuma ta ji daga tata kakar, wadda tana cikin bakwai ɗin. Shekara da shekaru Apo na gaya wa masu ziyara haka, su yi murmushi su ce tsufa ne. Yanzu ɗan ƙaninta ya biya an sassaƙa wancan labarin a dutse, gobe kuma za a rufe rijiyar.

"Ta ce in anka kafa dutsen ga," in ji Alhaji Isuhu, "ita ta zama maƙaryaciya har bayan ta mutu."

Ni dai na leƙa rijiyar ne don in ga inda famfo zai zauna. Amma ido ya riga ya saba. A jikin bangon, hagu da dama, ga ramukan taka ƙafa suna sauka cikin duhu. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Ai ba sai an yi gardama ba. Wanda ya haƙa ya bar awonsa a ciki."

"Malam Habu, don Allah kar ka sa mu cikin rigimar dangi."

Amma Apo ta ga yadda nake nuni, ta matsa sai an gaya mata. Na yi bayani. Mai haƙa rijiya yana sassaƙa matakan nan ne daidai tsawon ƙafarsa, don shi zai hau ya sauka sau ashirin a rana. Faɗin ramin ma daidai jikinsa yake yi, yadda zai tsuguna ya ɗaga dagi, ba ya ƙara ko taƙi ɗaya, don duk ƙasar da ya ƙara shi zai fitar. In mutum ya san aikin ya shiga, zai gane girman wanda ya haƙa. Tsohuwar ta ɗago hular ta dube ni tun daga ƙasa har sama, ta tambaye ni ta yaya na sani. Shekara kusan talatin ban faɗi wannan maganar ba, sai ga ni ina faɗinta a kan wani tudu a ƙasar Sin: ubana maginin rijiya ne.

Da na ce zan shiga in duba, Lam ya ce atabau. In baƙo ya mutu a rijiyar coci, shi da 'yan sanda ne har ƙarshen rayuwarsa. Apo ta faɗi wata magana gajera wadda ya ƙi fassarawa. Aka tsaya kan zan shiga da safe, da igiya a ƙugu.

Masaukinmu ɗakin baƙi ne na cocin, gadon katako da tabarmar gora, babu katifa. Abincin yamma ya so ya zama matsala, don duk abin da aka jera akwai alade a ciki, har ganye da kitsensa aka soya. Muka yi ta ba da haƙuri. Apo ta tashi ta ɗauko wata tukunyar ƙasa ta goge ta da toka sau uku a gabanmu, ta dafa mana shinkafa da ƙwai da kifi. Na barbaɗa yajina, na miƙa mata ta ɗanɗana, ta yi tari har da hawaye, sannan ta miƙo kwanonta a ƙara. Da muka shimfiɗa darduma don Magariba, ita ce ta kori kajin da ke gilmawa ta gabanmu.

Da gari ya waye na yi nadama sosai. Shekarata arba'in da takwas, ga tumbi, rabona da rami tun ina saurayi. Mutanen da aka tara su riƙe igiya su huɗu ne, ƙaraminsu ya haife ni. Na ce a ɗaura ta a bishiya tukuna. Sannan na nemi fitila, don ba a shiga tsohuwar rijiya sai an gwada iskarta: a zura wuta, in ta mutu, kai ma haka za ka yi. Babu fitila a kusa. Apo ta nufi kogon ta ciro kyandir ɗaya daga cikin waɗanda ke ci a gaban siffar, ta damƙa mini. To, jama'a, wannan shi ne hoton da kuka gani. Na sa shi a guga na zura har ƙasa, ya ci gaba da ci. Na cire riga, na rataya tocila a wuya, na sa zare a aljihu, na yi bisimilla na shiga.

Matakin farko na same shi. Na biyu sai da na miƙe ƙafa sosai kafin in taɓa shi, ni da ba gajere ba. Na uku ma haka. Ramukan manya ne, ƙafata na shiga har dunduniya, faɗin rijiyar kuwa ina juyawa yadda nake so. Wannan aikin dogon namiji ne, babu tantama. Na ɗaga kai na ga hular Apo a bakin rijiyar, ta leƙo tana jira. Wallahi sai da na yi tunanin in fito in ce duhu ya hana ni gani.

Na ci gaba. Wajen gaba uku ƙasa mai laushi ta ƙare, marmara ta fara, jan dutsen nan da ke sa dagi tartsatsi. A nan bangon ya yi kaca-kaca, an sara nan an sara can, sara mai ƙarfi amma babu tsari, irin na wanda ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Na zura ƙafa ina laluben mataki na gaba a inda ya kamata ya kasance, babu. Na ɗago ta sama kaɗan, sai ga shi, kusa ƙwarai. Babban yatsana da na kusa da shi ne kawai suka shiga.

Daga nan rijiyar ta zama wata rijiya daban. Ta tsuke. Matakan sun matsu har gwiwata na bugun haɓata. Na haska bango na ga sara ƙanana, gajeru, a jere a jere, dubbai, kamar an tsefe dutsen da mataji. Wanda ya yi wannan ba shi da ƙarfin fasa marmara, sai ya yi ta ɓantararta kaɗan-kaɗan, kuma bai karkace ko da faɗin yatsa ba. Na san abin da gaba ɗaya na marmara ke ci, don na ga babana ya yi kwana tara a kansa. A nan na ƙirga gaba biyar, sannan kafaɗuna suka ƙi wucewa. Na haska ƙasa, ƙananan matakan na ci gaba da sauka har inda ruwa ke ƙyalli.

Na tsaya a wurin, maƙale, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai babana ya faɗo mini. Yadda yake shafa bango da tafin hannu in ya gama, yana duba ko ya miƙe. Ya rasu ban taɓa ce masa aikinsa gwaninta ce ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na yi kuka kaɗan a inda ba mai ganina. Sannan na ciro zaren na yi awo, na ƙulla: tazarar manyan matakai, tazarar ƙanana, faɗin rijiyar, da faɗin ramin ƙafa.

Da suka jawo ni, ƙauyen duk ya taru. Na zauna a bakin rijiyar ina haki, jikina ja wur.

"Alhaji, ka faɗa musu daidai yadda na faɗa, kar ka ƙara kar ka rage."

"To, hwaɗi."

Na ce gaba ukun farko dogon namiji ne ya haƙa. Maganar ta bi ta bakin Alhaji Isuhu, ta bi ta bakin Lam, ta isa. Na ga fuskar Apo ta rufe. Ta juya za ta tafi. Na ce a tsayar da ita ban gama ba. Na faɗi inda marmara ta fara, da yadda saran ya rikice, da yadda wani hannun ya karɓa daga nan har ruwa, abin da ya fi gaba biyar, duk cikin dutse. Na shimfiɗa zaren a ƙasa na nuna ƙullin manyan matakai da na ƙanana.

Lam ba mugu ba ne, amma ɗan kasuwa ne, ba ya karɓar kaya sai ya juya su. Ya ce mazan garinsu ma gajeru ne, ta yiwu su ne. Na ce ya tsuguna, na zagaya shi da awon faɗin rijiyar, na ce ya ɗaga hannu kamar mai sara. Gwiwar hannunsa ta fita waje ta kowane gefe. Na nuna masa ƙulli biyun ƙarshe, faɗin ramin ƙafa. Ya cire takalmi ya taka, ƙafarsa ta rufe su duka biyun har ba a ganinsu.

Apo ta matso da kanta. Ta jingine tsintsiyarta, ta dafa kafaɗar wata mata, ta zare takalminta na ƙyalle, ta ɗora ƙafa a kan zaren. Ƙulli ɗaya ya fito ta dama, ɗaya ta hagu.

Ta daɗe tana kallon ƙafar tata. Abin da ta fara faɗa ya ba ni mamaki, don ba kirari ta yi ba. Cewa ta yi, "Ashe Fadan ya haƙa. Kakata ba ta taɓa ba shi ko taƙi ɗaya ba." Wani tsoho a cikin masu riƙe igiya ya ce shi ya taɓa ji an ce zazzaɓi ya kama Fadan a wata shekara, aka sauke shi daga tudun a kan ƙyaure. Apo ta gyaɗa kai ta ce to a bar masa gaba ukunsa, ya yi abin da zai iya.

Lam ya je wajen allon dutsen ya tsaya. Ya kira mutum biyu suka juya shi. Bayansa sumul yake, babu rubutu. Ya ciro biro da katin kasuwancinsa, ya dawo ya durƙusa a gaban tsohuwar yadda tsayinsu zai zo ɗaya.

"Gwaggo, su wane ne? Faɗa mini sunayensu."

Alhaji Isuhu ya ce mini daga baya, ya ji ana cewa a duk shekarun nan da take ba da labarin, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Ta miƙe iyakar yadda bayanta zai bari, ta fara, tana naɗe yatsa ɗaya a kan kowane suna. Ba sunan mazajensu take faɗa ba, nasu na yanka. Lam na rubutawa. Ɗaya, biyu, uku, babu gargada. Ta cika hannu ɗaya ta koma ɗayan. Shida, saura ɗaya.

Sai ta tsaya. Leɓɓanta na motsi, babu abin da ke fita. Ta koma farko ta sake jerowa da sauri, ta zo kan shida ta sake tsayawa. Ta juya ta dubi tsofaffin matan nan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta girgiza kai. Lam na durƙushe, biro a hannu, yana jira. Ta sake gwadawa karo na uku, a hankali, idonta a rufe.

Da ta buɗe ido ba ta yi kuka ba. Ta dubi ɗan ƙanin nata, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Lam bai fassara ba, sai da Alhaji Isuhu ya taɓa shi sau biyu, sannan ya faɗa. Alhaji Isuhu ya juyo gare ni, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ta ce, da bara ka tambaye ni, da na sani."